Burtsatse da shinkafar azumi: muhawarar zauren garinmu kan kamfanin fasa dutse

Sakatare: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da la'asar Dagaci ya kira mu mu uku ƙofar gida, ya ce manajan kamfanin fasa dutse ya zo da saƙo. Za su haƙa mana burtsatse mai sola a gefen masallacin Juma'a, za su raba shinkafa da suga in azumi ya kama, za su kuma sai wa samari rigunan ƙwallo. Abin da suke nema a wurinmu shi ne shugaban matasa da na ƙungiyar ci gaban gari su sa hannu a wata takarda mai cewa lafiya muke zaune da su, babu koke. Dagaci ya ce a ji ta bakin mutane kafin Juma'a. To ga fili ga mai doki. Don Allah banda zagi, banda ambaton iyayen wani.

Na Bayan Layi: Rigar da lamba a baya ko babu? In babu lamba ni ban yarda ba.

Sakatare: Kai dai ba ka taɓa shiga magana ta ƙofa ba.

Direban Tipa: Wa alaikumus salam. Ni a ganina a karɓa. Tun yaushe tuƙa-tuƙar unguwar gabas ta mutu? Yaranmu sai sun je rijiyar fadama da asuba sannan su wuce makaranta a makare. Kansila nawa ya yi mana alkawarin ruwa? Da babu gara ba daɗi. Kuma a tuna mu da yawa a wurin nan muke cin abinci, direbobi da masu gadi da leburori, ga mata masu kai abincin rana. Kafin kamfanin ya zo, da an gama kaka gari sai ya koma na tsofaffi, kowa ya tafi cirani Legas ko Abuja. Ni bana shekarata huɗu ban kwana a ƙarƙashin gada ba.

Malama ta Firamare: Goggo ta sa na kunna mata abin da ake cewa, ta yi saƙon murya. Na rubuta shi saboda masu ƙaramar waya. Ga abin da ta ce:

"Ku gaya wa mai tipa ni na goya shi, ba na yi masa baƙin cikin abincinsa. Amma ɗakin da marigayi ya gina mini, wanda na aurar da 'ya'ya biyar a cikinsa bai taɓa ɗiga ba, yau ya dare tun daga azara har ƙasa. Ina kwance ina hango tauraro. Duk ranar da suka sa nakiya sai kwanukan jerena sun zubo. In na shanya kuka ko kuɓewa, kafin la'asar ta yi fari fat, ka ci tuwo kana jin ƙasa a haƙori. Ruwan burtsatse zan sha, amma ba a cikinsa zan kwana ba."

Na Bayan Layi: Ashe da gaske sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu ɗakin yanzu har da iyalinsa ya tare.

Direban Tipa: Allah ya huci zuciyar Goggo. Amma ginin ƙasa ai ko ba nakiya yana tsagewa in ya tsufa.

Malama ta Firamare: Yaya, ajinmu na biyar da na shida na bulo da siminti ne, kuma ba su kai Goggo shekaru ba. Ka zo gobe in nuna maka inda alli yake shigewa.

Sarkin Noma: Salamu alaikum. Ni ba na iya dogon rubutu. Abu biyu. Gonakin da ke bakin hanyar tipa, riɗi da wake in suna fure ƙura ta lulluɓe su, ganye ya yi kamar an barbaɗa toka. Wanda duk yake da gona a nan ya san abin da yake aunawa da, da abin da yake aunawa yanzu. Na biyu kwalbatin bakin kuka. Motocinsu ne suka karya shi, damina biyu ke nan ruwa yana barin hanyarsa yana bi ta gonakin mutane. Ban ji kwalbati a cikin saƙon manaja ba.

Malam na Islamiyya: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina bin maganar tun ɗazu. Na ga an haɗa abu biyu da shari'a ta raba, kyauta da lamuni. Kyauta ganin dama ce, mai ita ya bayar ya sami lada, ya hana babu zunubi. Lamuni kuwa bashi ne a wuyan wanda ya yi ɓarna, ko da gangan ya yi ko ba da gangan ba. Hadisi na 32 a cikin Arba'una, wanda ƙananan ɗalibanmu ma sun haddace, yana cewa "la darara wa la dirara", babu cuta babu cutarwa. Malaman fiƙihu a kansa suka gina ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Ba su ce a yi mata rakiya da buhun shinkafa ba.

In sanka ya shiga gonar maƙwabcinka ya cinye masa dawa, me ake yi a ƙofar gidan Dagaci? A tura dattawa su kiyasta ɓarna, ka biya. In ka zo da goro ka ce ga kyauta, za a ce maka ajiye goron tukuna, biya dawar. In ka biya, goron ya zama alheri. In ba ka biya ba, sunansa toshiyar baki. Saboda haka ruwa ba haramun ba ne, a karɓa. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne wani ya sa hannu a kan cewa babu koke alhali ya san ɗakin Goggo. Wannan shaidar zur ce, kuma yafe haƙƙin da ba naka ba ne.

Ɗan Arɗo: Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu in saniya ɗaya ta tsinke ta ci kan dawa goma, kafin rana ta faɗi an kai mu gaban Dagaci, wani lokacin har caji ofis. Kamfani ya zo ya sa waya ya cinye burtalin da kakanninmu suke bi zuwa mashaya, ba wanda ya kiyasta komai. Yanzu sai mun zaga ta bakin gonaki, in an yi ɓarna kuma a ce Fulani ne. Ba a ma kira mu wurin maganar burtsatsen ba.

Malam na Islamiyya: Gaskiyarka. Kuma akwai hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Sakatare, a sa Arɗo cikin waɗanda za a kira.

Yarima: Ina ganin wasu maganganu suna karkata wajen Baba Dagaci. In akwai mai zargin an ci wani abu ya fito fili.

Na Bayan Layi: Ranka ya daɗe ba wanda ya ce. Amma dai an ce ruwa ba ya tsami banza.

Sakatare: Na ce banda iyaye. Na Bayan Layi, gargaɗi na farko.

Barista: Ku yi haƙuri, ina kotu ne, sai yanzu na karanta. Allah ya saka wa Malam, abin da ya faɗa da harshen fiƙihu shi dokar ƙasa ta faɗa da nata. Bari in ɗan tsawaita.

Dutsen nan, duk da a bayan gidanmu yake, a doka na gwamnatin tarayya ne. Tsarin mulki na 1999 ya ba ta duk ma'adinan ƙasa, shi ya sa lasisi daga Abuja yake fitowa, ba daga Dutse, babban birnin jiharmu, ko sakatariyar ƙaramar hukuma ba. Dagaci ba shi da ikon bayarwa, Yarima ka kwantar da hankalinka. Amma dokar ma'adinai ta 2007, sashe na 116, ta ce duk mai lasisin haƙar ma'adinai ko na fasa dutse dole ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da mutanen garin kafin ya fara aiki. A ciki ake rubuta abin da gari zai samu: tallafin karatu, koyar da sana'a, ɗaukar 'yan gari aiki, gudummawa a hanya da ruwa da asibiti da makaranta, da yadda za a kula da muhalli. Kuma duk shekara 5 ake sake duba ta. Wato ko burtsatsen ma ba lallai alfarma ba ce, tana iya zama sharaɗin lasisi.

Ban da wannan akwai dokar 1992 da ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Akwai hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan fasa dutse da sa nakiya a 2013. A cikinsu an hana kafa wurin fasa dutse ko tayar da nakiya ƙasa da kilomita 3 daga inda mutane ke zaune.

Waɗannan dokokin ma sai da aka ji jiki aka yi su. A 1988 aka kawo gangunan guba daga Italiya aka jibge a garin Koko, jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata, bai san abin da yake gadi ba. Sai da abin ya fashe gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta farko a shekarar.

Sarkin Noma: Kilomita 3? Barista daga ƙofar gidana ina jin direba in ya yi wa yaronsa faɗa.

Na Bayan Layi: Na taɓa aunawa da mitar babur, daga masallaci zuwa bakin ramin bai kai biyu ba.

Direban Tipa: To kun ga inda nake tsoro. In aka bi wannan sai a rufe wurin gaba ɗaya. Barista kai kana Kano kana da albashinka. In an rufe, ku za ku ciyar da mu? Su ɗauke injinsu su koma wani dutsen, duwatsu sun ƙare ne tsakanin Dutse da Birnin Kudu da Gwaram? Mu a bar mu da rami.

Barista: Yaya, ban ce a rufe ba. Cewa nake wanda ya san abin da ke hannunsa ba ya zama a ƙasa ana yi masa rabo. Kuma injin niƙa dutse ba garwa ba ce da za a saɓa a kafaɗa. Sun kashe kuɗi sun buɗe fuskar dutsen, sun yi hanya, sun kusa da masu sayen tsakuwa. Gyaran ɗakuna da kwalbati da yayyafa ruwa bai kai kuɗin tashi ba.

Kawu na Panshekara: Salamu alaikum 'ya'yana. Ɗan nan mai tipa, maganarka ni na fara yin ta, shekaru da yawa kafin ka san sitiyari. Na yi aiki a wani kamfanin jima a Challawa ta Kano har ƙarfina ya ƙare. Fata ana jiƙa ta a ruwan toka da wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don gashi ya zube, sannan a jeme ta da gishirin kuromiyam har ta koma shuɗi-shuɗi. Ruwan da ya rage ai sai ya je wani wuri. Muna da tankunan tace shi a bayan kamfani, amma kunna su kuɗin dizal ne da na magani. Ranar da za a zo dubawa za ka ji suna ruri tun safe. Sauran ranaku da daddare ake buɗe bututu.

Ku je ku ga rafin Salanta da ke kwaso ruwan Sharaɗa, ku ga launinsa kafin ya shiga kogin Challawa, kogin da ake ɗibar ruwan famfo a Tamburawa. Ku je Getsi da Jakara da ke kwaso na Bompai su kai dam ɗin Wasai a Minjibir. Duk bakin hanyar nan masu lambu ne, latas da kabeji da alayyafo, da safe a loda a kai kasuwa cikin birni.

Mu ma'aikata mun sani. In mutanen ƙauyukan bakin kogi suka zo ƙorafi, mu ne muke tsayawa a bakin ƙofa muna cewa ku tafi kada ku tsinke mana abinci. Duk sallah ana ba mu shinkafa da turmin atamfa, a kai wa masu unguwanni rago. Ranar da kasuwa ta juya aka sallame mu, ba a tambayi ko mun taɓa tsaya wa kamfani ba. Ni na dawo da ƙaiƙayin hannu da har yau in sanyi ya shigo sai ya tashi, su kuma mutanen bakin kogi suna nan da ruwansu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba na ce ka bar aikinka ba. Na ce kada ka zama ƙyauren da za su rufe wa Goggonka.

Direban Tipa: Kawu na ji.

Malamin Asibiti: Tunda Kawu ya buɗe, bari in ƙara, kuma direba da leburori nake ji wa tsoro fiye da kowa. Ƙurar dutse ba irin ƙurar hunturu ba ce. Akwai ƙwayoyin wani sinadarin dutse da ake kira silika a cikinta, ƙanana ƙwarai, su ne ke wucewa can cikin huhu su zauna, huhun ya yi ta tabo har ya daina buɗewa sosai. Ba ta nuna kanta da wuri, sai bayan shekaru mutum ya ga in ya ɗan yi sauri yana haki. Ba ta da maganin warkewa, kuma mai ita ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Ƙyallen da yara ke ɗaurawa a hanci a bakin injin ba ya tare ta. Abin da ke tare ta shi ne a riƙa fesa ruwa a bakin injin niƙa da kan hanya, a ba ma'aikata takunkumi na gaske, a riƙa yi musu hoton ƙirji lokaci-lokaci. Ni da za a tambaye ni, wannan ya fi shinkafa.

Sai ramin da suka bari ta yamma, wanda ya cika da ruwa. Ba shinge, gefensa a tsaye yake kamar rijiya, yara suna zuwa wanka. Ruwa in ya kwanta haka ga sauro, ga haɗarin tsargiya.

Kada a raina ƙura. A Zamfara a 2010 ƙurar dutsen zinare mai gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Tamu ba dalma ba ce, kada a ce na ce. Misali nake bayarwa.

Direban Tipa: Amma malamin asibiti, na Zamfara ai ba kamfani ba ne. Mutanen gari ne da kansu suke kai dutse gida suna dakawa a turmi. Ita ce maganar da nake so in faɗa tun ɗazu ana danne ni. Mu ma fa muna da namu. Wa yake kwashe yashin rafi yana sayar wa tipa har gaɓa ta zube? Wa ya sare ɗorawoyin bayan makabarta ya yi gawayi? Wa ke sayen dizal da daddare a hannun masu gadi? Ledar da ta toshe lambatun kasuwa manaja ne ya zubar? Komai kamfani, komai kamfani.

Malam na Islamiyya: Wannan gaskiya ce, kuma zan faɗe ta a mumbari in sha Allahu. Sai dai laifin mai gawayi ba ya biyan bashin mai nakiya. Kowa da littafinsa.

Alhaji na Fatakwal: Ina gaishe da dattawa. Ni nan nake sayar da albasa shekaru, kuma abin da kuke tattaunawa mutanen nan sun riga mu shiga. Akwai garin masunta a ƙasar Ogoni, Bodo. A 2008 bututun Shell ya fashe mai ya malale musu ruwa, kifi ya ƙare. Abin da aka fara kai musu buhunan shinkafa ne da wake da 'yan kuɗi kaɗan. Suka ce raini ne. Suka kai ƙara Landan, a 2015 kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 55, masunta sama da dubu 15 kowa ya sami rabonsa, saura aka ware wa gari. Da sun rungumi shinkafar sun sa hannu fa? Amma kada in yi muku daɗin baki, kuɗi bai dawo da ruwan ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Kuma sai da aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a 1995 a kan wannan gwagwarmaya. Yanzu dokar man fetur ta 2021 ta sa kamfanoni su riƙa ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu ga garuruwan da suke haƙa, su kuma mutanen suna cewa ya yi kaɗan.

Yarima: Alhaji, su mai gare su, duniya tana kallonsu. Mu wa zai kai mu Landan a kan tsakuwa? Ko a nan gida, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Asibitin Zana na Kano lokacin sanƙarau na 1996, yara 200 aka sa a ciki, kusan rabinsu aka ba Trovan, yara 11 suka rasu, kamfanin yana cewa cutar ce ta kashe su ba maganin ba. Gwamnatin Kano ce da kanta ta shiga shari'ar, amma sai 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75, kuma sai 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya bayan gwajin ƙwayar halitta (DNA). Shekara 15. Goggo za ta jira shekara 15 da ɗaki a buɗe?

Barista: Ranka ya daɗe, a nan bakinmu ɗaya. Ni lauya ne amma ba zan tura garinmu kotu da fari ba. Shi ya sa nake neman takarda. Tambayata ɗaya: lokacin da suka zo, an sa hannu a wani abu ko ba a sa ba? In ba a sa ba, sun karya sashe na 116. In an sa, ina take?

Sarkin Noma: An tara mu dai an biya kuɗin amfanin gona da na bishiyoyi. Ni an ƙirga mini tsamiya biyu da ɗorawa. Na ce ƙasar fa? Aka ce ƙasa ba a biyanta.

Barista: Haka dokar filaye ta 1978 take, Baba, ƙasa amana ce a hannun gwamna, abin da ke kanta ake biya. Na san da ciwo. Amma wannan takardar diyya ce, dabam take da wadda nake tambaya.

Yarima: Ku ba ni minti kaɗan, Baba ya shiga sallar isha'i.

Na Bayan Layi: Kafin nan, wa ya ga akuyata ja mai farin goshi?

Sakatare: Gargaɗi na biyu.

Yarima: Na yi wa Baba bayani. Ya buɗe adaka ya fito da wata takarda shafi shida, da Turanci. Ya ce ranar da aka kawo ta tafinta ya ce masa takardar maraba da baƙi ce, ya dangwala yatsa, shi da dattawa uku, biyu sun rasu. Ba a taɓa karanta masa ita da Hausa ba. Barista na tura maka hotunan ta bayan fage. Ya ce in akwai abin da ya yi kuskure a faɗa a gaban kowa.

Malam na Islamiyya: Allah ya ƙara wa Dagaci girma. Ba kowa ke buɗe adaka ba.

Barista: Na karanta. Ita ce. Kwanan watan da ke kanta ya kusa cika shekara 5. Ga abin da suka ɗaukar wa kansu tun wancan lokacin: ajujuwa biyu a firamare, yayyafa ruwa a hanya safe da yamma, sanarwa kafin tayar da nakiya, gyaran duk ginin da aikinsu ya lalata bayan kwamiti ya duba, shinge a bakin rami. Shafi na huɗu, layi na biyu: burtsatse mai sola, cikin shekarar farko.

Malama ta Firamare: Inna lillahi. Wato burtsatsenmu za a ba mu kyauta?

Na Bayan Layi: An ci bashin akuya an dawo da igiya an ce tukwici.

Barista: Kuma lasisin fasa dutse shekara 5 yake yi sannan a sabunta. Ku haɗa wannan da takardar babu koke da ake nema kafin Juma'a.

Ɗan Arɗo: Burtali yana ciki?

Barista: Babu. Shi ya sa sake dubawar ta zo a kan gaɓa, sai a shigar da shi, da kwalbatin Sarkin Noma, da hoton ƙirjin ma'aikata. Wannan karon a rubuta da Hausa gefe da Turanci, a karanta a ƙofar masallaci, kowane abu da ranar gamawa. A ajiye kwafi wurin Dagaci, wurin Hakimi, wurin ƙungiya. In an kasa daidaitawa, doka ta ce a miƙa wa ministan ma'adinai, kuma ofishinsu na jiha yana Dutse, kuɗin babur ne.

Malama ta Firamare: A sa mata a kwamitin. Dattawa huɗu aka kira wancan karon, ba wanda ke shanya kuka a cikinsu.

Direban Tipa: Tankar yayyafa ruwan tana nan fa. Tana bayan ofis, tayarta biyu a sace. Ni na tuƙa ta sau biyu, duk ranar da baƙi suka zo daga Abuja.

Kawu na Panshekara: Ka ji ko.

Direban Tipa: Don girman Allah kada wani ya ɗau hoton maganata ya kai. Ina da 'ya'ya shida. Sakatare in za a iya gogewa a goge.

Sakatare: Kai za ka goge daga wajenka, danna ka riƙe. Kuma duk wanda ya fitar da maganar zaure waje, shi da Allah. Ga abin da na rubuta: ba za a sa hannu Juma'ar nan ba. Gobe bayan azahar ni da magini da Malama za mu zaga gida-gida mu ƙirga ɗakunan da suka tsage, mu ɗau hoto da sunan mai ɗaki. Sarkin Noma ya haɗa masu gonakin bakin hanya. Yarima ya roƙi Dagaci ya sanar da Hakimi. Barista ya fassara mana shafi shidan nan kafin Alhamis.

Alhaji na Fatakwal: Kuɗin mai da na buga takardu a kaina. Sakatare turo lambar asusu.

Sarkin Noma: Shinkafar fa, in sun kawo a karɓa ko a mayar?

Malam na Islamiyya: In ba takarda a ɗaure a bakin buhun, a karɓa a fara da marayu.

Malama ta Firamare: Goggo ta ce a fara zagayen da ɗakinta, kuma magini ya zo da tsani don ta sama abin ya fi muni.

Direban Tipa: Ku ɗaga zuwa la'asar. Gobe ƙarfe biyu za a sa nakiya. Malama ki ce wa Goggo ta sauke kwanuka tun da hantsi.